Tsagar shasi ta yi kwana, wa ya nuna mata hanya?

Alhaji Sabo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masu walda ce da injiniyoyinmu. Tirelata mai ɗaukar kwantena daga Apapa shasinta ya tsage ta ɓangaren direba, kusa da inda sifirin baya ke kamawa. Wata huɗu ke nan da aka yi mata walda. Jiya yaron mota ya shiga ƙarƙashi duba birki, ya tarar ta dawo, ba a kan waldar ba, a gefenta kaɗan. Abin da ya ɗaure min kai, ta taso daga ƙasa a miƙe kamar an ja layi, da ta kusa rabin ƙarfen sai ta karkace ta nufi hujin noti. Wa ya nuna mata hanya? Ga hoton nan na turo.

Garba mai walda: Wa alaikumus salam Alhaji. Wanda ya yi maka aikin nan bai huda kan tsagar ba, rufe ta kawai ya yi. Shekarata ashirin da biyu ina wannan sana'a a Agege. Ka nemo inda ta tsaya, ka huda da injin huda, ka gurje ta, ka cike, ka ɗora faci. An gama. Kawo min ita Asabar.

Nura Mile 12: Baba Garba an ga ciniki, ba a ma bari an gama sallama ba.

Maryam Akoka: Baba Alhaji, barka da dare. Wannan hoton kamar don ni aka ɗauke shi, domin a kansa nake aikin digirina na biyu: yadda za a sa kwamfuta ta faɗi inda tsaga za ta bi kafin ta bi. Amsar tambayarka a taƙaice ita ce ba wanda ya nuna mata, ƙarfin da ke jan ƙarfen ne yake tuƙa ta. Tsaga tana tafiya ne a gicciye da inda ja ya fi ƙarfi. Idan kwantena ta danne shasi ya ɗan lanƙwasa, gefe ɗaya na ƙarfen yana miƙewa ɗaya yana matsewa. A gefen da ke miƙewa, jan yana bin tsawon motar, don haka tsagar ta tashi tsaye. Can wajen tsakiya jan tsawo yana raguwa, abin da ke rinjaye shi ne goga, wato wani sashe na son zamewa sama wani ƙasa. Goga kuwa yana juya jan ya koma a karkace, ita ma tsagar sai ta juya.

Wanda yake da alli a gida ya gwada. Ka ja shi ko ka lanƙwasa shi, zai karye a miƙe. Ka kama kai biyu ka murɗa, karayar za ta fito a karkace tana zagaye shi, kusan digiri 45. Alli ɗaya ne, abin da aka yi masa ne ya bambanta.

Alhaji Sabo: To 'yata, na ji na karkacewa. Hujin notin fa? Kamar tana ganinsa.

Maryam Akoka: Kusan haka ne Baba. Huji yana tara ƙarfi a gefensa. Zagayayyen huji a falle ƙarfen da ake ja, ƙarfin da ke gefensa ya ninka na sauran wurin sau 3. Idan tsaga ta zo kusa sai ta ji ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ja, ta kwanta can. A Jami'ar Cornell ta Amurka an yi wani gwaji da duk mai wannan karatu ya sani: sandar roba mai tauri da aka yi wa huji uku a jere, aka ɗan tsaga ta daga ƙasa, aka danna. Idan aka ɗan matsar da inda aka fara tsagar, a wani gwajin ta faɗa cikin huji, a wani ta ratsa tsakanin hujojin ta wuce. Har yau da shi ake auna sabuwar manhaja, a ga ko za ta bi sawun da tsagar gaske ta bi.

Garba mai walda: To ai maganata ce kika maimaita da turancin makaranta. Huji yana kama tsaga. Tun kakanninmu mata ke huda ƙwarya su ɗinke ta idan ta tsage, ba su je jami'a a Akoka ba.

Maryam Akoka: Gaskiyarka Baba Garba, hujin yana aiki, har an san nawa yake yi. Wani Bature, Inglis, ya fitar da lissafin a 1913: abin da ke sa tsaga ta yi muni shi ne tsawonta da tsinin kanta. Ɗauki tsaga mai tsawon milimita 50, kanta siriri ya fi gashi, a ce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ƙarfin da ke taruwa a kan nan zai ninka na sauran ƙarfen wajen sau 140. Ka huda da bakin huda na milimita 10, ya sauko zuwa wajen sau 7. Babban sauƙi ne. Amma 7 ba 1 ba ce. Hujin lokaci yake saya maka, ba warkewa ba.

Malam Lawal Ebute Metta: Ina karanta ku ina murmushi. Ni na yi ritaya daga gyaran jirgin ƙasa, kuma abin da zan ƙara shi ne, Garba, a ina za ka huda? Inda idonka ya ce ta tsaya ba nan ta tsaya ba. Mu da muna wanke wurin tas, mu shafa kananzir ko baƙin mai da aka tsinka, mu bar shi ya shiga, mu goge, sannan mu shafa alli da aka dama. Idan ya bushe sai mu ɗan buga da guduma. Man da ya ɓuya a cikin tsagar zai fito ya zana ta a kan farin. Sau da yawa sai ka ga ta wuce inda kake zato da faɗin yatsa biyu. Idan ka huda a bayan kanta, ka yi aikin banza, tana gaba tana tafiyarta. Yanzu akwai na fesawa a gwangwani, ja da fari, amma dabarar ɗaya ce.

Garba mai walda: Wannan kam na karɓa, Malam. Girmanka ne.

Injiniya Bashir: Salam. Na shigo a makare, cunkoson Oshodi. Ni aikina duba walda ne a tankuna da bututu, kuma zan ɗan ja da ƙanwata Maryam. Abin da kika faɗa na rabin ƙarfe daidai ne ga shasin da bai tsage ba. Da zarar ta fara ci, ƙarfen da ya rage shi ke ɗaukar nauyin, komai ya sake rabuwa, abin da kike kira tsakiya ya matsa. Kuma shasi ba lanƙwasa kawai yake yi ba, murɗewa yake duk sanda taya ɗaya ta faɗa rami. Ni murɗar nan na fi zargi a hoton Alhaji.

Maryam Akoka: Haka ne Yaya Bashir, shi ya sa ba a yin lissafin sau ɗaya. Bari in faɗa wa zaure yadda ake yi.

Ana zana shasin a kwamfuta, a yayyanka shi gutsi-gutsi kamar raga, dubbai, kowane gutsure a san yadda yake miƙewa idan an ja shi. A ɗora nauyi. Kwamfuta ta lissafa halin da kan tsagar ke ciki. George Irwin, wanda ya yi aiki da sojan ruwan Amurka, shi ya nuna a 1957 cewa lamba guda ta isa ta bayyana zafin da kan tsaga ke ji, ana kiranta K. Kuma hanya uku ake taɓa tsaga: a buɗe ta kamar baki, a goga leɓɓanta gaba da baya, ko a yage ta gefe kamar yadda ake yaga takarda. Idan buɗewa ce zalla, tana tafiya a miƙe. Da goga ya shigo sai ta karya kwana. Erdogan da Sih sun ba da ƙa'idar kwanar a 1963, kuma idan goga ne zalla kwanar tana kai wajen digiri 70. Abin sha'awa, kwanar da take yi ta neman inda gogan zai ɓace ne, ta koma buɗewa kawai. Tsaga ba ta son a goga ta.

To sai a ƙara mata tsawo kaɗan ta wannan kwanar, a sake lissafa komai daga farko, a sake ƙarawa. Taki ɗaya, lissafi ɗaya. Wahalar da aka daɗe ana sha ita ce duk takin da ta yi sai an warware ragar an sake saƙawa don ta bi sabuwar tsagar. A 1999 Belytschko da abokan aikinsa a Jami'ar Northwestern suka kawo hanyar da ake kira XFEM, inda tsagar ke ratsa idon ragar ba sai an sake saƙa ba. Tana cikin manhajojin lissafi na Abaqus da ANSYS yanzu. Ni kuma wata nake amfani da ita wadda ta samo asali daga aikin Francfort da Marigo na 1998: ba a zana tsagar a matsayin layi, kowane wuri ana ba shi lamba daga 0, lafiyayye, zuwa 1, karyayye, sai tsagar ta fito kamar zirin hayaƙi. Daɗinta, ba sai ka gaya mata inda za ta fara ko inda za ta rabu biyu ba. Ɗacinta, tana son raga mai ƙananan ido ƙwarai. A manhajar FEniCS nake yi saboda kyauta ce, kuma kwamfutata takan kwana tana lissafi ɗaya, idan wuta ta yi mana adalci.

Nura Mile 12: Wato tsagar ta gama cin motar Alhaji kwamfutarki tana jiran a kawo wuta.

Injiniya Bashir: Nura da wasa ya faɗi gaskiya. Ga inda nake tsayawa. Hanyar da tsaga za ta bi, na yarda, lissafi yana kamo ta da kyau, domin siffar ƙarfen da inda nauyi ke zama su ke yanke hukunci, kuma waɗannan ana iya auna su. Amma yaushe za ta kai? Nan ne ake jin kunya. Wace lamba za ki sa wa ramukan hanyar Tin Can? Wace lamba za ki sa wa kwantenar da takarda ta ce tan 20 alhali abin da ke ciki Allah kaɗai ya sani? Na taɓa karɓar rahoto mai hotuna ja da shuɗi, gwanin kyau, wai wata walda za ta yi shekaru. Da muka je wurin, kaurin ƙarfen da suka sa a lissafi na sabo ne, wanda ke gabanmu tsatsa ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, ƙarya aka ba ta.

Maryam Akoka: Ban musa ba. Amma ko lissafin lokacin yana koyar da abu biyu da Baba Alhaji zai amfana da su yau, ba sai da kwamfuta ba. Ƙa'idar wani masani, Paul Paris, ita ma ta farkon shekarun 1960, ta ce a irin wannan ƙarfe saurin tsaga yana tafiya ne da K sau K sau K, kusan haka. Na farko, ka ninka nauyi sau 2, saurin ya ninka sau 8. Ƙarin kashi 25 cikin ɗari kawai a kan lodi yana kusan ninka saurin biyu. Na biyu, K ɗin kansa yana ƙaruwa da tsawon tsagar: ta ninka tsawo sau 4, K ya ninka 2, sauri ya ninka 8. Ma'ana yawancin rayuwarta tana yin ta ne tana ƙarama ba a ganinta. Wadda har yaron mota ya hango ta kai rabin shasi, ta gama rarrafe, gudu ya rage.

Alhaji Sabo: Innalillahi. Jibi take da lodin Kano.

Malam Lawal Ebute Metta: Alhaji, kada ta tafi. Asarar lodi ɗaya ba ta kai a ce shasi ya rabu a gangaren Jebba ba.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Ku yi haƙuri in sa baki, ni 'yar kasuwa ce. Abin da Maryam ta ce na tsini na gane shi sarai, don kullum shi nake yi. Shadda ko atamfa ka ja da dukkan ƙarfinka ba za ta yage ba, amma in ɗan ci bakinta da almakashi, sai ta tafi fyaaat har ƙarshe, kuma a miƙe, tana bin zare. Tambayata ta gida ce. Ɗakin da na gina wa ɗana a wajen Ajah, bangon ya tsage daga kusurwar taga ya gangara a karkace kamar matakala. Birkila ya cike da siminti sau biyu tana dawowa.

Maryam Akoka: Hajiya, misalinki ya fi nawa. Har kin ƙara abin da ban faɗa ba: wani lokacin kayan da kansa yana da hanyar da ya fi sauƙin tsagewa, kamar zaren yadi ko jijiyar itace ga mai faskare, sai tsagar ta saɓa wa ja ta bi sauƙi. Bangonki haka ne. Ja yana so ta tafi a karkace, amma simintin da ke tsakanin bulo ya fi bulon rauni, sai ta riƙa bin sa, taki a kwance taki a tsaye. Matakalar ke nan. Ta fara daga kusurwar taga kuma saboda kusurwa tsini ce.

Injiniya Bashir: Hajiya, irin wannan yawanci ba ciwon bango ba ne, ƙasa ce ke zama a gefe ɗaya. Yankin Ajah da Lekki wurare da yawa fadama ce aka cike da yashi. Cikewa da siminti ba zai hana ba. Ki sa a ɗana ɗan siririn gilashi a gicciye a kan tsagar, a manne kai biyu, a rubuta kwanan wata a gefe. Idan ya fashe, tana motsi har yanzu. Amma abin da nake so kowa a zauren nan ya riƙe: tsagar bangon bulo daban, tsagar bim ko ginshiƙi daban. Kankare yana jure danniya, amma a ja bai fi kashi ɗaya cikin goma na wannan ƙarfin ba, shi ya sa ake sa rodi. 'Yan siraran tsagogi a tsaye a ƙarƙashin tsakiyar bim, an san da su, ƙa'idar zanen gini ma takan yarda da faɗin da bai wuce milimita 0.3 ba. Wadda ta fito a karkace kusa da inda bim ya hau ginshiƙi, wannan ba ta ba da dogon gargaɗi. A kira injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, a ranar. Wadda kuma ke bin tsawon rodi tana zubar da jan ruwa, tsatsa ce ta kumbura a ciki, iskar gishirin Legas ke nan. Bayan abin da muka gani a titin Gerrard na Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 da rayuka sama da 40, bai kamata a ce birkila ne ke yanke hukunci a kan ginshiƙi ba.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Allah ya jiƙansu. Tawa a bango take, amma zan sa gilashin.

Garba mai walda: Ku dawo kan mota. Har yanzu ba wanda ya gaya min me ya sa ta dawo a gefen walda ba a kanta ba. In waldar ce ba ta da kyau ai ita za ta buɗe.

Injiniya Bashir: Baba Garba, waldar tana iya fin shasin ƙarfi ma. Matsalar gefenta ce. Narkakken ƙarfe idan yana hucewa yana tsukewa, sanyayyen da ke kewaye ya hana shi, sai wurin ya zauna a cikin ja tun ba a ɗora lodi ba. Zafin kuma ya canza ƙarfen da ke maƙwabtaka da ita. Sannan bakin waldar, inda tudunta ya haɗu da shasi, ɗan lungu ne mai tsini. Abu uku a wuri ɗaya. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke manna gargaɗi a jikin shasi cewa kada a yi walda ko huji a leɓensa na sama da na ƙasa. Kuma facin da ka ce, idan mai kusurwa huɗu ne aka zagaye shi da walda a tsaye, ka ƙera sabon wurin tsagewa ne a bakin facin.

Garba mai walda: A'a, ni ba na yin mai kusurwa huɗu. Mai siffar ƙwayar kankana nake yankawa, kai biyu masu tsawo. Maigidana da ya koya min bai taɓa gaya min dalili ba, cewa ya yi haka ake yi.

Malam Lawal Ebute Metta: Dalilin an biya shi da tsada, Garba. Lokacin yaƙin duniya na biyu Amurka ta ƙera jiragen ruwa na Liberty sama da 2,700, da walda maimakon ƙusa, da yawa suka tsattsage, wasu suka rabu biyu. Wata tankar mai ta ruwa, Schenectady, a Janairun 1943 ta karye tana tsaye a bakin tasha a Portland, ruwa ko motsi ba ya yi. Tsagogi da yawa daga kusurwar ƙofar lodi suka taso, mai kusurwa huɗu. Wata malama a Cambridge, Constance Tipper, ta nuna irin ƙarfen ne ke zama kamar gilashi a cikin sanyi. Mu a Ikko sanyi ba ya cikin damuwarmu, gishiri da rami da lodi su ne namu. Amma kusurwa kusurwa ce ko'ina. Ka duba tagar jirgin sama, ba ka ganin mai kaifin kusurwa tun bayan jiragen Comet biyu da suka tarwatse a sama a 1954.

Maryam Akoka: Baba Alhaji, ina da roƙo. Kafin Baba Garba ya taɓa ta, a bar ni in zo in auna: kaurin ƙarfen, nisan hujin, da sawun tsagar a kan takarda. Zan ba kwamfuta farkon tsagar kawai, in ɓoye mata sauran, mu ga ko za ta yi kwanar da ta gaske ta yi. In gwada da lanƙwasa kaɗai, in gwada da murɗar da Yaya Bashir ke zargi.

Injiniya Bashir: In murɗa ce, tsiren Obalende a kanki.

Alhaji Sabo: Ki zo Asabar da safe, motar tana garejin Ijora. Na kira mai kayan na ce ya nemi wata, ya yi ta faɗa, na ba shi haƙuri. Garba, ka taho da injin hudarka amma kada ka kunna sai Malam Lawal ya shafa allinsa.

*(Asabar, bayan la'asar)*

Garba mai walda: Jama'a, an shafa. Kan tsagar ya wuce inda na yi niyyar hudawa da kusan santimita 3, saura ƙiris ta shiga hujin notin. Kuma Malam ya ce a shafa ɗaya ɓangaren tunda allin ya ragu. Akwai wata a can, ƙarama, daidai wurin, ba ta kai tsawon farce ba.

Alhaji Sabo: Bashir, wannan ƙaramar ita ma sai an yi mata faci, ko huji ya isa? Kuma nawa ne ƙarfen faci yanzu a Owode Onirin, wa ya je kwanan nan?